Fiyano a Filin Biki: Makaɗin da Ba Ya Gajiya, Amma Ba Ya Saurare

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a fagen kiɗa da waƙa. Ita ta haifi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu kafin rasuwarsa a 1999. A Funtuwa kuma Barmani Coge ta riƙe kiɗan ƙwarya har zuwa rasuwarta a 2013. A yammacin jihar, wato ƙasar Ruma da Batsari ke hedkwatarta, da ƙasar Safana da ke maƙwabtaka da ita a gefen dajin Rugu, dattawa sun tashi ne da kalangun dandali da gangar noma, da goge da garaya. Amma wanda ya halarci bikin aure ko taron siyasa a waɗannan garuruwa a yau, mafi yawan abin da zai ji yana fitowa daga lasifika kiɗa ne da aka haifa a cikin wata na'ura guda ɗaya, wadda Hausawa suka raɗa wa suna fiyano.

Wannan na'ura ta cancanci a dube ta da idon kimiyya, domin ta sauya yadda ake kiɗa a ƙasar Hausa cikin shekara talatin kacal, kuma ta shafi abincin mutane da yawa. Akwai abin da take yi wanda ƙungiyar makaɗa goma ba za su iya ba. Akwai kuma abin da yaron makaɗi ɗan shekara goma sha biyu yake yi da ɗan kalangunsa, wanda ita har yau ta kasa.

Mene ne wannan fiyano?

Da farko ya kamata a raba sunan da asalinsa. Fiyano na ainihi, wanda aka ƙirƙira a Italiya wajen shekarar 1700, katafaren akwati ne na katako mai wayoyin ƙarfe fiye da 200, kuma kowane madanni yana harba 'yar guduma ne ta bugi waya. Wanda ake gani a hannun matasanmu ba shi da waya ko guduma. Kwamfuta ce ƙarama da aka yi wa fuskar fiyano, galibi mai madannai 61, nauyinta daga kilo 4 zuwa 12. Kamfanonin da suka fi ƙera ta su ne Yamaha da Casio da Korg da Roland, dukkansu na Japan.

Irin wanda ake magana a kansa a nan shi ne fiyano mai rakiya, wato wanda ke iya raka mai kaɗa shi da cikakken kiɗa. An raba madannansa gida biyu. Hannun dama yana kaɗa karin waƙa da muryar duk kayan kiɗan da aka zaɓa. Hannun hagu kuwa umarni yake bayarwa: idan ya danne madannai uku da suka dace da juna, abin da makaɗa ke kira kod, sai na'urar ta gane haɗin, nan take ta saki ganguna da garaya mai kauri da sauran kayan rakiya bisa wannan haɗin. A fiyanon Yamaha rakiyar takan kai layi takwas, biyu na ganguna, shida na sauran kayan kiɗa. Kowane tsarin rakiya, wanda ake kira salo, yana da mabuɗi da gangar jiki iri biyu zuwa huɗu da 'yan kwaskwarima na tsakiya da marufi. Ke nan mutum ɗaya da yatsu goma yana riƙe da aikin mutum takwas.

To, daga ina sautin yake fitowa? Sauti dai kaɗawar iska ce. Abin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa yana ba da wata murya sananniya wadda makaɗan duniya suke daidaita kayansu da ita. Wanda ya fi haka sauri muryarsa ta fi siranta, wanda bai kai ba ta fi kauri. Masu ƙera fiyano sukan ɗauki sautin ganga ko sarewa ta gaske, su auna tashi da faɗuwar iskar sau dubbai a daƙiƙa (a faifan CD sau 44,100 ne), su adana awon a matsayin lambobi. Idan an danna madanni, sai na'urar ta karanto lambobin ta mayar da su lantarki, lasifika kuma ta mayar da lantarkin iska mai kaɗawa. Abin da kunne ke ji, saboda haka, hoto ne na bugu ɗaya da wani makaɗi ya taɓa yi a wani ɗakin ɗaukar sauti. A riƙe wannan batu na hoto, domin za a komo gare shi.

Yadda ya shigo gari

Na'urar da ke kaɗa ganga da kanta ta girmi yawancin masu amfani da ita. Kamfanin Wurlitzer na Amurka ya fitar da irinta a 1959. Casio ya shiga kasuwar kayan kiɗa a 1980, kuma a 1981 ya fitar da wani ɗan ƙaramin fiyano, MT-40, wanda wata matashiyar ma'aikaciya, Okuda Hiroko, ta tsara wa kiɗan rakiya. A 1985 wani mawaƙi a Jamaika, Wayne Smith, ya ɗora waƙa a kan ɗaya daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗe, aka kira shi Sleng Teng. Daga baya an yi ɗaruruwan waƙoƙi a kan wannan kiɗa guda, kuma ya sauya fasalin kiɗan ƙasar baki ɗaya. A kusa da gida, Mamman Sani na Nijar ya riga ya ɗauki kaset a Yamai tun 1978 da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka yi shekaru suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye.

A arewacin Nijeriya kuwa ƙofar da fiyano ya bi ita ce finafinan bidiyo na Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda situdiyon Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha samfurin PSR a tsakiyar shekarun 1990, da yadda kiɗan fim ɗin Sangaya na 1999 ya ja hankalin matasa. Daga nan situdiyo suka yawaita, kiɗan ya tsallaka daga fim zuwa waƙar biki da ta siyasa da ta talla. Dauda Kahutu Rarara, ɗan Ƙaramar Hukumar Ɗanja a wannan jiha, da irin wannan kiɗa ya yi suna.

Abin da fiyano ya fi ƙarfi a kai

Babban dalilin karɓuwarsa lissafi ne. Ƙungiyar kalangu irin ta da tana buƙatar makaɗa da 'yan amshi da sanƙira. Dukkansu za a ɗauko su a mota, a ciyar da su, a raba musu abin da aka samu. Mai fiyano kuwa shi da mawaƙi da kayansu babur biyu sun ishe su. A yankin da hanyoyin ƙauye suka yi wuyar bi saboda matsalar tsaro da ta addabi Batsari da Safana shekara da shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, ba ya saki. Fatar ganga da ta goge nama ne da ya bushe, kuma abin da ke riƙe da ita zaruruwa ne na wani furotin da ake kira kolajin. Waɗannan zaruruwa suna shan laimar iska. Da damina sukan kumbura su yi laushi, fatar ta saki, muryar ganga ta faɗi. Shi ya sa ake ganin makaɗi yana gasa gangarsa a bakin wuta ko yana shanya ta a rana kafin wasa. Izgar dokin da ake yi wa goge tsirkiya ita ma tana miƙewa da laima. Fiyano ba ruwansa da wannan. Muryar da ya bayar a watan Agusta ita zai bayar a watan Janairu, domin agogon da ke cikinsa ɗan dutsen ƙarau ne da ke kaɗawa daidai wa daida.

Na uku ya shafi maƙogwaron mawaƙi. Murya tana fitowa ne daga wasu tsokoki biyu masu kama da leɓɓa a cikin maƙogwaro, waɗanda a wurin magana sukan kaɗa kimanin sau 120 a daƙiƙa ga namiji, sau 200 da ɗoriya ga mace. Mawaƙin da ya kwana uku yana wasa, waɗannan tsokoki sukan kumbura, muryarsa ta dushe, ya kasa kai wa inda ya saba. A fiyano akwai maɓallin da ke sauke kiɗan gaba ɗaya mataki ɗaya ko biyu ba tare da an sauya yatsa ko ɗaya ba. Mawaƙin da ya san amfanin wannan maɓalli yana ceton muryarsa daga rauni.

Akwai kuma wani alheri da ba a cika ambata ba. A al'adar Hausa kiɗa gado ne, kuma wanda bai gada ba yakan sha tsangwama idan ya shiga; Shata kansa bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa bai so ba. Fiyano ya zo ba shi da dangi. Ɗan malami da ɗan bafade da ɗan manomi duk suna iya zama a gabansa ba tare da an ce sun zama maroƙa ba, kuma yaro mai kunne yana iya fitar da kiɗa mai daɗi cikin 'yan watanni, alhali goge yana cin shekaru kafin ya daina kukan ƙofa.

Wa ke bin wani?

A nan ne babban naƙasun yake, kuma ba naƙasu ne da kuɗi ke gyarawa ba.

A tsarin waƙar baka ta Hausa, mawaƙi shi ne jagora. Idan yana cikin waƙa sai ya hango wani babban mutum ya shigo fili, yakan tsawaita ɗan waƙar ya sa sunansa da na iyayensa. Idan mai liƙi ya taso, yakan ja baya ya ba sanƙira fili. Idan ya ga 'yan rawa sun ɗauki zafi sai ya ƙara sauri, idan ya ga taro ya yi sanyi sai ya sauya hanya. An san Shata da wannan baiwa ta ƙirƙirar waƙa nan take. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne makaɗan da ke bayansa suna saurarensa. Suna jin numfashinsa, suna ganin kafaɗarsa, sun san inda zai faɗa tun bai faɗa ba.

Fiyano mai rakiya ba shi da kunne. Idan aka ce masa bugu 120 a minti, zai yi bugu ɗaya a kowane rabin daƙiƙa har wuta ta ɗauke. Ba zai jira mawaƙi ya haɗiye yawu ba. Sai al'amarin ya juye: maimakon kiɗa ya bi waƙa, waƙa ce ke bin kiɗa. Wanda ya saurari waƙoƙin zamani da kyau zai lura layukansu sun zama tsawo ɗaya, kamar bulon da aka buga a ma'auni guda, domin dole kowane layi ya shiga cikin bugu huɗu ko takwas na na'ura. Abin ya fi muni inda ba a ma zo da fiyanon fili ba, sai dai a zo da kiɗan da aka riga aka ɗauka a situdiyo, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bin sa. A nan ko mai sauya kod babu.

Masana halittu sun daɗe suna mamakin yadda mutum ke bin kiɗa. Bin bugu ba amsawa ba ce bayan an ji, hasashe ne. Idan aka sa mutum ya tafa tare da agogon kiɗa, awo ya nuna yakan riga bugun da 'yan dubban kashi na daƙiƙa, domin ƙwaƙwalwarsa ta riga ta lissafa lokacin da bugun zai zo. Wannan baiwa ba ta yawaita a cikin dabbobi ba. A 2009 Aniruddh Patel da abokan aikinsa suka tabbatar da ita a jikin wani aku mai suna Snowball, a 2013 kuma aka same ta a jikin wata dabbar teku mai suna Ronan a Kalifoniya. To amma mutane biyu da ke kiɗa tare sun wuce nan: kowannensu yana hasashen ɗayan, kuma kowannensu yana gyara nasa bugun saboda na ɗan'uwansa, bugu bayan bugu. Tsakanin mutum da na'ura kuwa gyaran gefe ɗaya ne. Mutum ne kaɗai ke sassautowa.

A 2011 Holger Hennig da wasu masana a cibiyar Max Planck da ke Gottingen ta Jamus suka auna 'yan kurakuran da makaɗi ke yi, wato riga bugu ko makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Suka gano waɗannan kurakurai ba barkatai suke ba. Na yanzu yana da alaƙa da waɗanda suka gabace shi da nisa. Da aka sa wa na'ura kurakurai iri biyu, na barkatai da masu irin wannan alaƙa, masu sauraro sun fi son na biyun. Haka kuma Rainer Polak, wanda ya yi nazarin makaɗan jembe na Bamako a Mali, ya nuna cewa ba sa raba bugu kashi uku daidai. Wani kashin gajere ne, wani dogo, kuma sun dawwama a kan wannan rabo da gangan. Abin da injiniya zai kira kuskure, a wurin mai rawa shi ne gishirin kiɗan. Salon da aka zuba wa fiyano daga masana'anta galibi an daidaita shi ne a kan ma'aunin da ya raba bugu daidai, kuma yawancinsa na raye-rayen Turai da Amurka ne.

Gangar da ke magana

Naƙasu na biyu ya shafi harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, tsawon wasulansu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne a na farko gaɓoɓin biyu duka a sama suke, a na biyu gaɓar ƙarshe ta faɗo ƙasa. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala: ɗaya sama ne sannan ƙasa, ɗaya ƙasa sannan sama. Bugu da ƙari, a cikin doguwar jimla muryar Bahaushe tana gangarowa sannu a hankali, ta yadda gaɓar sama da ke ƙarshen jimla takan yi ƙasa da gaɓar sama da ke farkonta.

Kalangu an yi shi ne daidai da wannan harshe. Gangar jikinsa itace ne da aka fafe mai siririn ƙugu, fata biyu a bakunansa, tsirkiyoyi sun haɗa su. Idan makaɗi ya matse tsirkiyoyin a hammatarsa fatar takan ɗaure, murya ta hau. Idan ya saki ta sauko. A ƙa'idar kimiyyar sauti, sai an ninka ɗaurin fata sau huɗu kafin yawan kaɗawarta ya ninka sau biyu. Muhimmin abu shi ne tsakanin murya mafi ƙasa da mafi sama babu tsani. Gangare ne, kuma makaɗi yana iya matsawa bayan ya riga ya buga, sautin ya lanƙwasa a iska kamar yadda murya ke yi. Da haka ne kalangu da kotso da jauje suke yin take da kirari har mai shi ya ji ya miƙe. A 2021 Cecilia Durojaye da abokan bincikenta suka auna dundun, 'yar'uwar kalangu a ƙasar Yarabawa, suka tabbatar da cewa tashi da faɗuwar sautinta yana bin na maganar Yarabanci sau da ƙafa idan makaɗi ya nufi magana.

Fiyano kuwa tsani ne. Daga kowace murya zuwa ninkinta an yanka mataki 12 daidai, kowane mataki ya fi na ƙasansa yawan kaɗawa da kusan kashi 6 cikin 100. Tsakanin mataki da mataki babu komai. Wannan tsari na Turai ne, kuma ko a can sulhu aka yi: wasu haɗe-haɗen sun kauce wa daidaiton asali da kimanin kashi 14 cikin 100 na mataki, abin da kunne mai horo yake ji. Mai goge da mai gurmi ba su taɓa ɗaure kansu da wannan tsani ba. Sannan tsarin kod kansa baƙo ne, domin kiɗan Hausa na gargajiya an gina shi ne a kan kari da bugu da amshi, ba a kan sauya haɗin sauti ba. Shi ya sa mai fiyano a nan yakan danne kod ɗaya ko biyu tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, rabin hikimar na'urar tana kwance ba aiki.

A jerin kayan kiɗa 128 da kamfanoni suka amince da shi a 1991, wanda ake kira General MIDI, akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu goge, babu algaita. Shanai dai 'yar'uwar algaita ce ta kusa, duka biyun da tsinke mai baki biyu ake busa su, don haka takan yi maleji. Wasu sababbin fiyano suna zuwa da 'yan sautukan ganga mai magana, amma a nan ne batun hoto ya dawo: bugu uku ko huɗu da aka daskarar ba za su yi kirarin Sarkin Ruma ba.

Abin lura shi ne wasu al'ummu sun tilasta wa kamfanoni sun saurare su. Larabawa da Turkawa suna da muryoyin da ke faɗawa tsakanin matakai, saboda haka Yamaha ya ƙera musu jerin PSR-A mai maɓallan da ke sauke kowace murya da rabin mataki nan take, Korg ma ya yi haka a jerin Pa. Indiya ta samu PSR-I mai tabla da tambura a ciki. Kasuwa ce ta jawo haka, ba soyayya ba.

Dabarun da ke rage giɓin

Ba a ce mai fiyano ya naɗe hannu ba. Yawancin waɗannan na'urori suna da maɓallin da ake bugawa da yatsa don a faɗa musu saurin da ake so, da wani da ke tsayar da rakiya da zarar an ɗage hannun hagu, ta ci gaba idan an mayar. Mai fiyanon da ya zuba wa mawaƙi ido yana iya ba shi fili da waɗannan. Akwai 'yar ƙafa a gefen hagu da ke lanƙwasa sauti sama ko ƙasa, wadda ƙwararre ke kwaikwayon jan goge da ita. Masu matsakaicin tsada suna ba da damar a sauya daidaiton kowace murya, a ƙirƙiri sabon salo da hannu ba tare da an bar na'ura ta miƙe bugun ba, har ma a zuba sabbin sautuka. PSR-SX600 da ya fito a 2020 ya zo da tsarin da ke sa rakiya ta bi ƙarfin yatsun mai kaɗawa. Sai dai har yanzu yatsu take bi, ba mawaƙi ba.

Dabarar da ta fi duka ita ce mafi sauƙi: a kashe layukan ganguna na na'ura, a bar wa fiyano kari da kauri, a tsayar da mai kalangu na gaske a gefensa. A nan agogon ya koma hannun mutum, kuma makaɗi ɗaya ya tsira da sana'arsa.

Wuta, ƙura da kunne

Fiyano kansa ba mai cin wuta ba ne. Ƙananan ba su wuce wat 15 ba, wasu ma da batir shida suke aiki. Ɗalibi na iya lissafawa: wat 15 na awa 4 ya zama 60, alhali ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da 84. Masu cin wutar su ne amfilifaya da manyan lasifika, su ne ke sa a nemi janareta. Da gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka a 2021 saboda tsaro, duk mai dogaro da janareta a wannan yanki ya ji a jikinsa; mai kalangu kuwa ko a jikinsa. Wutar janareta mai hawa da sauka kuma ita ce kan gaba wajen ƙona adaftar fiyano. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai ta toshe 'yan robobin da ke haɗa lantarki, sai a ji wani madanni ya mutu ko yana ihu fiye da sauran. Zafin bazara da ke kai digiri 40 yana lalata allon rubutunsa idan aka bar shi a rana. Kalangu idan ya fashe, akwai akuya a gari. Fiyano idan ya lalace, sai an nufi Katsina ko Kano.

Haɗarin da ya fi waɗannan duka ba na na'ura ba ne, na masu saurare ne. A can cikin kunne akwai wani ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da kaɗawar sauti saƙon jijiya. Georg von Békésy ya samu kyautar Nobel a 1961 saboda gano yadda kowane sashe na katantanwar yake amsa tasa murya. Ƙara mai tsanani tana karya gashin, ƙwayoyin su mutu. A 1988 aka gano tsuntsaye suna sake tsirar da nasu; ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba sa yi. Wanda ya rasa, ya rasa ke nan.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata ya ce kunne yana jure desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100 minti 15 ne kawai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wurin wasa ya wuce desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji. A bukukuwanmu kuwa waɗanda suka fi kusa da lasifika su ne yara ƙanana, har wasu kan jingina da ita don su ji tana girgiza su. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da mutum ya ninka nisansa da lasifika, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. Yaron da aka janye daga mita 1 zuwa mita 4 an rage masa desibel 12, wato lokacin da kunnensa zai iya jurewa ya ninku sau 16.